Hannun Shatu Mai Fura

Idan ka bar Mai'adua ka kama hanyar Kongolam, ka tsayar da duk wani ɗan acaba da ya haura shekara talatin ka ce ya kai ka gidan fura, ba zai tambaye ka wace fura ba. Ƙofar gidan yayata Shatu zai sauke ka. Yanzu dai kada ka wahalar da kanka, babu fura a gidan. Turmin ma yana can kife a bayan ɗaki, kaji ke hawa.

Ni ce Maijidda, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara ta ba ni. Ni ce mai bakin gidanmu, ita kuwa sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Mutane sun daɗe suna cewa in ba da labarinta, ina ƙi, don akwai hannuna dumu-dumu a ciki. To, yau zan faɗa, wanda zai zage ni ya zage ni.

Yaya Shatu doguwa ce kakkaura, irin matan da in suka tsaya a ƙofar ɗaki sai ɗakin ya yi duhu. Tun tana budurwa ta karɓi taɓarya daga hannun mahaifiyarmu, kuma ba ta ajiye ba sai da Allah Ya ajiye mata. Ita ke surfen geronta, ba ta yarda da inji ba, wai inji yana ƙona ƙamshi. Ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da masoro, ta dunƙula, ta dafa, sannan ta kirɓa. Da jin kirɓinta maƙwabta ke sanin hantsi ya yi. Amma abin kallo shi ne curi. Da hannun dama kaɗai take cura fura, hagun na riƙe da faifan gari, tana yi tana kallon wani wuri daban, kuma ka tara guda ɗari ba za ka ga wadda ta fi wata ba. Matan Fulani masu nono daga rugage har na tsallaken iyaka a ƙofarta suke layi da ƙorensu. Ni kuwa shekara arba'in ina zaune kusa da ita, har yau in na cura fura sai ta fito kamar ƙwan agwagwa.

Da wannan hannun ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, Malam Mahdi. Haihuwarta huɗu. Biyu ƙyanda ta ɗauke su tun suna ƙanana. Autarta Haulatu tana aure a Nijar, can gaba da Matamai, sai shekara-shekara ake ganinta. Saura Jafaru, ɗanta na fari, kuma a kansa labarin nan yake.

Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Matan yanzu sun watsar, za ka ga yarinya tana cilla ɗanta na fari sama a gaban surukai ko a jikinta. Ko a zamaninmu ma yawancin mata sukan sassauta in yaro ya girma. Ban da Yaya Shatu. Ita ta ɗauki abin kamar farilla. Ana yaye Jafaru aka kawo shi gidanmu, a bayana ya girma, ina da shekara goma sha biyu ina yawo da shi. Ni yake kira Inna, ita kuwa Yaya yake ce mata, yadda ya ji ina faɗa. Ita kuma sunansa a bakinta “wancan”.

Yana da shekara bakwai jaki ya kayar da shi a gabanta, goshi ya fashe, jini har ƙirji. Wallahi tsallake shi ta yi ta wuce, ta ce da ni, “Je ki duba wancan.” Na yi ta masifa a raina, na ce wannan wace irin uwa ce. Da na gama ɗaure masa kai na zagaya bayan rumbu, sai na same ta durƙushe ta cusa bakin zane a baki tana kuka, don kada a ji. Ba ta san na gan ta ba, ban kuma taɓa gaya mata ba.

Jafaru ya girma, ya yi karatu, ya zama malamin firamare. Da babansa ya rasu ya dawo gidan ya gina ɗaki biyu ya sa matarsa. Gida ɗaya suke, amma in rufin ɗakinta na yoyo, yana tsaye a gabanta za ta dubi bango ta ce, “A gaya wa wancan ɗakina na zuba.” Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, “An ji.” Kullum kuwa ta Allah sai ta ware fura biyu da ta ƙara wa kanumfari, ta rufe da faifai, ta ce a kai wa mutanen can. Matarsa ba ta shan mai kanumfari, kowa ya san ta wane ne.

Abin ya faru ran wata Lahadi, ranar da kasuwar Mai'adua ke ci, ranar da muka fi aiki. Ni tun da mijina ya rasu a gidanta nake wuni. Ina tankaɗe, tana kirɓi, sai na ji kirɓin ya rikice, sannan taɓarya ta faɗi. Na ɗago na ce, “Yaya, lafiya?” Ta buɗe baki, bakin ya karkace, yawu na zuba. Sai ta zame a jikin turmi ta yi ƙasa.

Innalillahi! Kafin ka ce me gida ya cika. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce sammu ne don an ga tana ciniki, ni ma ba zan ɓoye ba, ni na fara cewa a kawo garwashi a yi hayaƙi. Jafaru ne ya shigo ya ce ba wanda zai yi wa kowa hayaƙi, ya nemo mota, muka yi Daura.

Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin ta ba a sani ba, ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ɓangaren dama, hannu da ƙafa. Bayan kwana huɗu magana ta fara dawowa, da nauyi. Abin da ta fara tambaya shi ne wa ya kwashe furar da ke turmi.

Bayan kwana shida aka tura mu sashen gashin ƙashi. Ni ban taɓa jin wurin ba. Ɗaki ne babba, da gadaje, da wasu ƙarafa biyu dogaye a jere da mutum ke bi ta tsakaninsu yana dafawa, da keken da ba ya zuwa ko'ina. Mai kula da mu wata 'yar gajeriyar mata ce mai tabarau, Malama Ikilima. Da na gan ta na ce a raina, wannan 'yar ficiciyar ce za ta tayar da Yaya? Ashe ban san kome ba.

Ta fara da kafaɗa, don nan ne Yaya ke kuka da ciwo. Ta ɗora tawul mai ɗumi, ta jira, sannan ta tallafi gwiwar hannun da tafinta ta ɗaga a hankali, ta mayar, ta sake. Ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya tana miƙarwa. Ta lanƙwasa gwiwar ƙafa, ta tura tafin ƙafar sama. Tana yi tana hira, tana tsokanar Yaya wai ta ji labarin furarta, ba za ta sallame ta ba sai ta sha. Ranar farko Yaya ta yi ta cije leɓe. Rana ta biyar da kanta ta ce mini kafaɗar ta yi sauƙi, ta samu barci.

A gadon da ke kusa akwai wani dattijo, Malam Sama'ila, mai fataucin shanu daga Mashi. Nasa ya fi na Yaya muni, ko zama ba ya iya yi sai an tokare shi da filo, magana kuwa sai gurnani. 'Ya'yansa biyu ke kawo shi. Na tuna na dube shi na ce wa Yaya a kunne, “Ke kam ki gode Allah, dubi wancan bawan Allah.”

Cikin mako na biyu Yaya ta zauna da kanta a bakin gado. Cikin na uku Malama Ikilima da wani abokin aikinta suka tsayar da ita tsakanin ƙarafan nan, ta yi taku takwas. Ni na ƙirga, ina tafi ina guɗa har aka ce in yi shiru asibiti ne. Sai wata rana Malama ta ce in zo mata da kirɓaɓɓiyar fura da ba a cura ba. Na saya a bakin asibiti, wata banza mai tsami. Ta gutsura ta ɗora a tafin Yaya na dama, ta ce, “Mama, cura mini.”

Muka zuba ido. Can sai yatsun suka motsa. Suka rufe a hankali, suka ɗan buɗe. Malama ta ɗauke furar ta nuna mata, ga shaidar yatsu huɗu a jiki. Yaya ta daɗe tana kallon abin nan. Sannan ta ce, da bakinta mai nauyi, “Wannan furar ba ta ji kirɓi ba.” Muka kwashe da dariya har da hawaye. Ranar na tabbata Yaya za ta koma turminta.

Ranar sallama Malama Ikilima ta zaunar da mu, ni da Jafaru, a gaban Yaya. Ta ce abin da aka yi a nan somi ne, aikin yana gida. Safe da yamma, kowace gaɓa sau goma. A tayar da ita tsaye kullum, a sa ta taka. A dawo da ita duk mako. Ta ce watannin farkon nan su ne daminar abin, wanda ya bari suka wuce ya yi asara. Ta kama hannun Yaya ta ce, “Hannun da aka bari kwance dunƙulewa yake yi. Jijiya ta ɗaure. In ta ɗaure ta daɗe, ni ma ba zan iya kwance ta ba. Wa zai riƙa yi mata?”

Ni ƙarama ce, ga ciwon baya, ko tulu ba na iya ɗagawa, balle Yaya. Matar Jafaru cikinta ya tsufa. Jafaru ya ce, “Ni.”

Yaya ta ja mayafi da hannun hagu ta rufe fuska.

Malama ba baƙuwa ba ce, ta gane nan take. Ta ce, “Mama, na san ɗan fari ne. Amma wannan magani ne, kamar allura. Kin yarda?” Yaya ta ƙara jan mayafin. Sai Malama ta dube ni. Ni kuma, mai shegen baki, na ce, “Za ta yarda mana, ai kunyar asibiti ce, in mun je gida shi ke nan.” Na san ƙarya nake yi. Na fi kowa sanin Yaya a duniya. So nake kawai a sallame mu, na gaji da kwanan tabarma a baranda. Da na ce a'a, da Malama ta zaunar da ni ta koya mini da kyau, ko ta nemo wata dabara. A jikina ta koya wa Jafaru. Ya riƙe hannuna yana ɗagawa, tana gyara masa, yana rubutawa a littafi. Ni kuwa hankalina na kan mota.

Washegari da safe ya yi sallama a ƙofar ɗakinta da ruwan ɗumi a roba da tawul a kafaɗa. Yana shiga ta juya fuska bango. Ya durƙusa ya ce, “Yaya, sannu da jiki.” Ya kai hannu ya taɓa wuyan hannunta. Kai! Ban san inda ta samu ƙarfi ba, ta yunƙura da ɓarin da ke aiki har ta kusa faɗowa daga gado. Ta ce, “Jidda, a fitar da wancan. In ba haka ba in bar gidan nan ko da jan ciki ne.”

Ya gwada washegari, ya gwada jibi. Ya turo limamin unguwa ya yi mata nasiha, ta saurara da ladabi, ta ce ta gode, bayan ya fita ta ce ko mahaifiyarmu da ta shekara uku a kwance ɗanta na fari bai taɓa ganin ƙafarta ba. Rana ta huɗu ta ƙi cin abinci. Sai Jafaru ya saduda. Ya ce, “Inna, ke za ki yi. Ni zan tsaya a bayan labule in riƙa faɗa miki, ina ƙirgawa.”

Haka muka fara. Shi a waje da littafinsa, ni a ciki. “Inna, tallafi gwiwar hannun. Ɗaga a hankali. Ɗaya. Biyu.” Kwana biyu na yi da gaske. Rana ta uku, ban san yadda na yi ba, na ja hannun daga yatsu ban tallafi gwiwar ba. Yaya ta ƙwalla ƙara irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, ko a naƙuda. Masu dubiya na zaune a tsakar gida. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, “Haba Maijidda! Matar da Allah Ya kwantar, ku kuma ku bi ta da murɗa? Ba ku da tausayi ne?”

Da yamma Jafaru ya zo ya tsaya. Na kai hannu, Yaya ta riƙe ni da na hagu, ta ce ƙasa-ƙasa, “Ki bar ni, don Allah. Ki ce masa kina yi.”

Yayata ce. Ita ta yi mini kitson aure, ita ta wanke mini 'ya'ya. Tunda nake ban taɓa jin ta ce don Allah a kan kanta ba. Na ce a raina, yau ɗaya dai, ta huta.

Yau ɗayan nan ita ce ta zama wata bakwai.

Kullum safe kafin ya tafi makaranta, kullum bayan la'asar, Jafaru na tsaye a bayan labule yana ƙirga goma, goma, goma. Kafaɗa, gwiwar hannu, yatsu, ƙafa. Ni kuwa ina ciki ina shafa mata man kaɗanya, wani lokaci ma ko shafar ba na yi. In ya ce, “Inna, ya yatsun?” in ce, “Ana samun ci gaba.” Yaya har nishi takan yi masa don abin ya yi kama da gaske, mu dubi juna, wani lokaci har murmushi muke yi. Allah Ya yafe mana, murmushi! Tayar da ita tsaye kuwa na ce da rana muke yi da matan maƙwabta yana makaranta. Ya samo gora ya kafa mata layi biyu a tsakar gida irin ƙarafan asibiti. Shanya muka riƙa yi a kai.

Sau biyu muka koma Daura. A zuwa na biyu Malama Ikilima ta taɓa hannun ta ɗaure fuska, ta ce, “Ana yi kuwa?” Na ce safe da yamma. Jafaru ya nuna mata littafinsa, kowace rana da alamarta. Ta dube ni ta cikin tabarau, ta ce a ƙara himma. Daga nan damina ta sauka, hanyarmu ta yanke, mota ba ta shigowa. Sai dai babur, kuma a babur dole wani ƙaƙƙarfa ya zauna a baya ya rungume ta. Kun san wanda zai yi, kun san amsar da ta bayar. Jafaru yakan kira Malama a waya ya ce ana yi, ita kuma ta ce madalla.

Ni ina ganin abin da ke faruwa, ba makauniya ba ce. Yatsun suka fara lanƙwashewa. Gwiwar hannun ta naɗe ta manne a ƙirji. Tafin ƙafar ya miƙe ƙasa, diddige ya ƙi taɓa tabarma. Ciwon kafaɗar da Malama ta kora cikin kwana biyar ya dawo ya ninka, ko riga za a sa mata sai ta yi hawaye. Na tsorata na ce, “Yaya, bari mu koma yi.” Na kama yatsa ɗaya, ta yi ƙara, na saki. Da wuya ya yi wuya sai na riƙa rufe hannun da zane in wani zai shigo. Farce ya shige cikin tafin, wurin ya yi rauni, ya fara wari. Ina tura auduga da tsinke ina gogewa.

Ranar da asiri ya tonu, bayan an yi girbi ne, da la'asar. Jafaru na waje yana ƙirga. Ni ina zaune a ƙasa na baje ƙafa ina ɓarar gyaɗa, Yaya na kwance hannun a buɗe ban rufe ba. Ya ce, “Shida.” Sai akuyar gidan ta kutso kai ɗakin tana neman gyaɗa, ta ja labulen ya zame daga ƙusa ya faɗi.

Ya dube ni. Ya dubi gyaɗar. Sannan ya dubi hannun, karo na farko cikin wata bakwai.

Wallahi da zagina ya yi, da mari ne ma, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya mayar da ido kan littafinsa, ya ce, “Bakwai. Takwas. Tara. Goma.” Ya rufe littafin, ya ɗauki labulen ya mayar kan ƙusa, ya tafi.

Da safe mota na ƙofar gida. Bai yi wa kowa shawara ba. Maza huɗu suka ɗauko ta a kan katifa.

Muna zaune a bakin sashen gashin ƙashi muna jiran layi, ita a keken marasa lafiya, sai ga wani dattijo ya shigo da sanda, yana ɗan jan ƙafa, katinsa a hannu, shi kaɗai. Ya tsaya ya ce, “A'a! Ba mai fura ba ce?” Sai da na ƙura masa ido na gane Malam Sama'ila ne na Mashi, wanda na ce Yaya ta dube shi ta gode Allah. Maganarsa ta fito, da ɗan nauyi amma ana ji sarai. Ya ce, “'Ya'yan nan nawa ba su da imani, Hajiya. Safe da yamma suna murɗa ni, ina kuka ina tsine musu, ba su fasa ba. Jiya har kara na je, kasuwar shanu, na taya wani bijimi.” Yana dariya ya ɗaga hannun ya buɗe ya rufe don mu gani. Sai idonsa ya sauka kan na Yaya. Dariyar ta tsaya, ya ce Allah Ya sawwaƙe, ya wuce.

Malama Ikilima ta daɗe a kan hannun. Ta gasa, ta jira, ta gwada yatsa ɗaya, ta gwada gwiwa, ta duba diddige. Ban bari ta tambaya ba, na faɗa mata kome, ina kuka kamar yarinya. Ba ta yi mini faɗa ba, ta cire tabarau ta goge kawai. Ta ce har yanzu akwai abin yi. Za a rage ciwon kafaɗar, za a warkar da raunin tafin, za a hana abin ƙaruwa, wataƙila ta iya tsayawa a riƙe ta ta zauna a kujera. Ta ce kada a daina, don in aka daina zai fi haka.

Yaya ta ce, “Fura fa?”

Malama ta durƙusa a gabanta, ta ce, “Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Da a watannin farko ne, da na sa rai ƙwarai. Yanzu jijiyar ta ɗaure.”

Haka muka kamo hanyar gida.

Kwana biyu Jafaru bai zo bakin labule ba. Ni ma ban iya haɗa ido da shi ba. Rana ta uku da hantsi, daidai lokacin da a da ake jin kirɓi, ina share ɗakin, shi yana tsakar gida yana cire gorar nan da ya kafa. Yaya na kwance tana jin ƙarar. Sai ta ɗaga murya, ta ce:

“Jafaru.”

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Shekararsa arba'in da ɗaya, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta faɗe shi a karkace, kamar mai koyon magana. A waje ƙarar ta tsaya. Bai amsa ba, ina jin bai gane da shi ake ba.

“Jafaru. Zo.”

Ya shigo ya durƙusa a bakin gado, kansa a ƙasa. Ba ta juya bango ba. Ta sa hannun hagu ta ɗago na daman, dunƙulallen nan, ta ajiye masa a cinya. Ta ce, “Buɗe mini.”

Na kawo ruwan ɗumi da gudu. Ya gasa hannun, ya jira, ya tallafi gwiwar da tafinsa daidai yadda Malama ta koya masa a jikina, bai manta ko ɗaya ba. Daga baya matarsa ta gaya mini wata bakwai ɗin nan a hannunta yake gwadawa kullum, wai don kada ya manta ranar da za a neme shi. Ya sa babban yatsansa a ƙarƙashin yatsun uwarsa ya ɗaga a hankali. Ta cije leɓe, hawaye na bin kunnenta, ba ta ce ya bari ba.

“Ɗaya,” in ji shi. “Biyu.”

Yatsun ba su motsa ba. Ina tsaye a kansu ina kallo, ko tsinke ba zai shiga ba. Ya kai goma. Ya tsaya, hannunta na cikin nasa.

Ta ce, “Sake.”

Shekara guda ke nan da rabi. Kafaɗar ta yi sauƙi, tana barci, raunin ya warke, yakan ɗaga ta ya zaunar a kujera a tsakar gida ta sha hantsi. Matan Fulani sun daina tambaya, sun koma wani gida. Kullum safe da la'asar yana shiga da ruwan ɗumi, ni kuma ina fita, don ba na iya tsayawa. Daga bayan ɗaki, kusa da turmin, nake jin yana ƙirgawa. In ya kai goma sai in ji ta ce, “Sake, Jafaru.”